Zauren Tambaya da Amsa: Ko Sabon Sadaukin Kano Zai Yi Kasuwa?

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan watan sun taru ne a kan magana guda, wato jerin littafin zane da wasu matasa suka fara fitarwa a nan Kano. Ga wanda bai gan shi ba, labari ne na wani saurayi mai aikin rini a marinar Ƙofar Mata, wanda ya gaji wata tsohuwar rigar saƙi daga kakansa, rigar da ƙarfe ba ya huda ta, ya kuma riƙa sa ta da dare yana farautar masu ƙwacen waya da dillalan ƙwaya a lungunan birni. Fitowa ta ɗaya shafi 24 ce, mai launi daga bango zuwa bango, kuma masu ita sun yi alkawarin kawo ci gaba kowane wata. Mun zaɓi wasiƙu huɗu, mun kuma taƙaita su saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin jami'a ne, ina zaune a Ɗorayi. Musu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a majalisarmu a kan wannan littafi. Ni na ce tun da bugun farko ya ƙare cikin 'yan makwanni, har mutane suna cigiyarsa a Facebook, to ya karɓu ke nan, domin Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Na ma sayi kwafi uku na adana, saboda na ji cewa a Amurka fitowar farko takan yi tsada daga baya. Abokina kuwa ya ce ɗoki ne kawai, ba za a kai fitowa ta biyar ba. Wa ya fi gaskiya a cikinmu?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ni ma na yi murna da jin cewa bugun farko ya ƙare, kuma ina fatan alheri ga yaran da suka yi wannan ƙoƙari, amma ƙarewar fitowa ta ɗaya ba ta isa ta zama hujja a musunku ba. Ka duba waɗanda suka saye ta. Akwai dangi da abokan masu aikin, akwai masu kishin ganin abin gida ya ɗaukaka, akwai waɗanda sabon abu kawai yake burgewa, sannan akwai irinka da suka sayi uku alhali mai karatu ɗaya ne. Dukkan waɗannan sun kawo kuɗi, amma kaɗan ne daga cikinsu za su dawo wata mai zuwa da wani kuɗin. Bayan haka, sai an san yawan abin da aka buga kafin a san nauyin kalmar "ya ƙare", domin ƙarar da kwafi ɗari biyu daban, ƙarar da dubu biyar daban.

Masu wannan sana'a a Amurka sun daɗe da sanin haka. A can, shagunan littattafan zane suna yin oda tun kafin littafi ya fito, kuma a bisa al'ada abin da mai shago ya saya ba ya mayarwa. Kusan kullum fitowa ta ɗaya ce take fin sauran ciniki, ta biyu ta faɗi sosai, ta uku ta ƙara sauka, sai a wajen ta huɗu zuwa ta shida adadin yake tsayawa wuri ɗaya. Wannan adadi na ƙarshe shi ne kamfani yake dubawa ya yanke shawarar ci gaba ko dakatarwa, saboda su ne mutanen da labarin ya kama da gaske. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Maganar adana kwafi kuwa tana da tarihi mai ɗaci da ya kamata ka sani. A shekarar 1991 kamfanin littattafan zane na Marvel da ke Amurka ya fitar da sabuwar fitowa ta ɗaya ta jerin jarumansa na X-Men da bango iri biyar, aka yi odar kwafi sama da miliyan 8, adadin da har yau babu fitowa guda ta irin wannan littafi da ta kai shi. Da yawa daga cikin masu sayen ba karatu ne ya dame su ba, sun sayi biyar-biyar ne da goma-goma sun sa a leda suna jiran ranar da za su yi tsada. Da yake kowa ya adana nasa, babu wanda ya rasa balle ya nema da tsada. Cikin 'yan shekaru kasuwar ta karye, shaguna masu yawa suka rufe, shi kansa Marvel ya shiga kotu a watan Disamba na 1996 yana neman kariya daga masu binsa bashi. Gaskiya ne an sayar da kwafi ɗaya na littafin da Superman ya fara bayyana a cikinsa a 1938 a kan dala miliyan 6 a shekarar 2024, alhali kuɗinsa na asali kashi ɗaya bisa goma na dala ne, amma dalilin tsadarsa shi ne yara sun karanta nasu sun yar, takardar ta ruɓe, saura kaɗan suka rage a duniya. Saboda haka shawarata ita ce ka riƙe ɗaya, ka ba da biyun ga yaran unguwarku da za su karanta su matsa wa iyayensu a saya musu na biyu. Wannan ya fi amfani ga littafin da kake so fiye da ajiye shi a ƙasan akwati.

Shi ma abokinka bai kawo hujja ba idan abin da yake nufi shi ne Kano ba ta karatu ko ba ta son labarin sadaukai. Wannan birni ne da tun tsakiyar shekarun 1980 marubuta suke buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, suna raba labari ɗaya zuwa na ɗaya da na biyu da na uku, masu karatu kuma suna sintiri a shagunan littattafai da na haya suna tambayar ko ci gaban ya fito. Littattafan yaƙi masu sadaukai da aljanu da takubba sun yi kasuwa a nan har ana karanta su a gidajen rediyo, kuma tun gasar rubutu ta 1933 da ta haifar da Ganɗoki Bahaushe yake karanta labarin jarumin da ya gagari maza. Al'adar jiran kashi na gaba ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

Inda nake jin tsoro shi ne alkawarin nan na kowane wata. Marubucin hikaya zai iya zama ya rubuta shafi goma a dare ɗaya, amma shafi guda na zane, daga tsara shi da fensir zuwa bin sa da tawada da sa launi da rubuta maganganu, yakan ci yini guda ko fiye a hannun ƙwararre. A manyan kamfanonin waje mutum huɗu ko biyar ne suke raba wannan aiki, kowa da nasa ɓangaren, kuma shi ne abincinsu. A nan kuwa mai zane ɗaya ne, wataƙila yana makaranta ko yana wani aikin neman abinci, ga ɗauke wuta. Idan fitowa ta biyu ta yi jinkirin wata uku, yaron da ya haddace sunan jarumin ya riga ya koma kan wani abu. Da ni ne a majalisarku, tambaya ɗaya zan sa ku aika wa masu littafin: fitowa nawa suka gama zanawa suka ajiye kafin su saki ta farko? In sun ce uku ko huɗu, to ina bayanka. In sun ce yanzu suke zana ta biyu, to maganar abokinka ta fi kusa da tabbata, kuma ba zan ji daɗin hakan ba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne, na daɗe ina sayar da littattafan Hausa a kasuwar Sabon Gari. Yaran sun zo wurina suna so in sari fitowa ta biyu da yawa, kuɗi hannu, domin da kuɗin za su biya maɗaba'a. Kuɗin kwafi ɗaya ya ninka na littafin hikaya, ga shi kuma ba shi da kauri. Ina son in taimaka musu, amma ina tsoron kwantai. Mene ne shawararka?

AMSA: Barka kadai, Alhaji, Allah Ya ƙara buɗi. Tsoronka yana kan hanya, kuma ka fi ni sanin abin da yake faruwa a gaban teburinka: yarinya za ta ɗauki littafin, ta buɗe tsakiya, idonta ya tsaya a kan zanen, ta tambayi kuɗi, ta juya shi ta auna kaurinsa da yatsa biyu, sannan ta ajiye ta ɗauki hikayar da za ta kai ta dare biyu tana karantawa. Shafi 24 na zane minti goma sha biyar ne ake gama shi. Mai saye a Kano yana auna kuɗinsa da tsawon lokacin da littafi zai ɗebe masa kewa, kuma ba laifinsa ba ne.

Tsadar ba son riba ne ya kawo ta ba. Bugun baƙi da fari farantin maɗaba'a ɗaya yake buƙata, bugun launi kuwa faranti huɗu, kuma kuɗin faranti da na saita inji ɗaya ne ko kwafi 500 za a buga ko 5,000, don haka duk wanda ya buga kaɗan, kowane kwafi nasa ne yake ɗaukar nauyin. Ga takarda mai sheƙi da launi yake so, wadda daga waje ake shigo da ita, tun da masana'antun takarda na Jebba da Oku-Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa biyan buƙatar ƙasa. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, duk mai hulɗa da maɗaba'a ya ga yadda kuɗin takarda da tawada ya tashi. Yaran sun zaɓi hanya mafi tsada ne saboda ita suka gani a littattafan Amurka.

Akwai wata hanyar, kuma ita ce na fi ganin ta dace da mu. A Japan, ƙasar da kasuwar littattafan zane ta fi ƙarfi a duniya, mujallun mako-mako baƙi da fari ake buga su a kan takarda mai araha, bango ne da 'yan shafuka kawai suke da launi. Mujallarsu mafi shahara ta kai kwafi sama da miliyan 6 a mako a tsakiyar shekarun 1990, kuma idan labari ya karɓu sai a tattara babi-babinsa a buga shi littafi mai kauri, wanda shi ne yake daɗewa a shago yana kawo riba. Ɗan Najeriya Roye Okupe, wanda ya fara fitar da littattafan jarumansa a 2015 ya kuma ƙulla yarjejeniya da kamfanin Dark Horse na Amurka a 2021, shi ma cikakkun littattafai masu kauri yake fitarwa. Mai zanen nan na Kano hannunsa yana da kyau a baƙin layi. Akwai shafin da ya zana jarumin tsugune a bakin rijiyar rini da asuba, hannayensa sun yi shuɗi har gwiwar hannu, wani tsoho yana bugun shadda a bayansa. Ko da an cire launin, nauyin kafaɗun yaron da gajiyar fuskarsa suna nan. Wanda ya iya wannan ba ya buƙatar faranti huɗu a kowane shafi.

Don haka, Alhaji, kada ka zuba jarinka a sari mai yawa kuɗi hannu. Ka karɓi kaɗan ka biya, sauran kuma a yi irin yarjejeniyar da kuka saba yi da marubuta, a ajiye maka kaya, in an sayar ka ba da kuɗi, abin da ya yi saura a mayar. Ka buɗe kwafi ɗaya ka rataye shi inda mai wucewa zai ga cikinsa, domin zane ba ya sayar da kansa a cikin leda. Sannan ka gaya musu, da bakin wanda ya san kasuwa, su nemi makarantu masu zaman kansu da suke sayen littattafan kyauta na ranar rabon sakamako, su kuma nemi kamfanin da zai sayi bangon baya ya sa talla. Littafin zanen ƙwallon ƙafa na Supa Strikas, wanda ya faro daga Afirka ta Kudu ya kuma yi farin jini a Najeriya, kamfanoni ne suka ɗauke masa nauyin bugu, sunayensu suna jikin rigunan 'yan wasan, shi ya sa ya isa hannun yara da araha. Kano tana da kamfanonin abin sha da na taliya da na sabulu waɗanda yara ne kasuwarsu.

TAMBAYA: Malam, ni malamar makaranta ce a Gwammaja, kuma uwa. Ɗana ne ya kawo littafin gida. Na ji daɗin ganin yana karanta Hausa ba tare da an tilasta masa ba, amma rigar nan da ƙarfe ba ya hudawa ta tsaya mini a rai, domin ta yi kama da maganar tauri da layu. Kuma a duk littafin mace ɗaya ce, ita ma kuka kawai take yi an ƙwace mata waya. Shin iyaye za su yarda su riƙa saya?

AMSA: Malama, Allah Ya raya mana zuri'a. Tambayarki ta taɓa kasuwar littafin fiye da yadda masu musun majalisa suke zato, domin yaro ne yake so, amma uwa ko uba ne suke fitar da kuɗi, kuma littafin da aka hana shi shiga gida ya mutu ko da zanensa ya kai zane.

Tushen ƙarfin jarumi abu ne da masu labarin za su yi wa dogon tunani. A fitowa ta ɗaya ba a faɗi sirrin rigar ba, an bar shi a rufe. In suka bi ta hanyar tsafi da neman taimakon iskoki suka nuna shi a matsayin abin sha'awa, iyaye da malamai za su juya musu baya, kuma akwai Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, da aikinta ya shafi littattafai. In kuwa suka ce hikimar saƙa ce da wani haɗin rini da kakan ya gano, sun sami hanyar da za su koya wa yaro darajar sana'ar iyayensa ba tare da sun taɓa aƙidarsa ba. Akwai darasi a abin da ya sami jerin The 99, wanda Dakta Naif Al-Mutawa na Kuwait ya fara a 2006 da kyakkyawar niyyar samar wa yaran Musulmi jarumai nasu. Ya jingina baiwar kowane jarumi da ɗaya daga cikin siffofin da ke cikin sunayen Allah, jerin ya yi suna har ƙasashen Turai da Amurka, amma a 2014 manyan malaman Saudiyya suka ba da fatawar haramta shi. Kyakkyawar niyya ba ta hana a yi tuntuɓe a irin wannan wuri, kuma ya fi sauƙi a kai wa malami rubutun ya duba kafin a zana fiye da bayan an buga. Hukuncin zanen mai rai shi kansa magana ce ta malaman fiƙihu, kowane gida kuma yana da malamin da yake tambaya.

Maganar mace kuwa, ina tare da ke ɗari bisa ɗari, kuma a nan ne nake ganin yaran sun yi wa kansu asara mafi girma. Duk wanda ya san kasuwar littattafan Hausa ya san mata ne ginshiƙinta, su ne suka fi saye, su ne suka fi haya, kuma da yawa daga cikin fitattun marubutanta mata ne. Littafin da ya ba mace shafi biyu na kuka ya rufe ƙofa a gaban mafi yawan masu saye. A 2014 Marvel ya fitar da jerin da jarumarsa yarinya ce Musulma 'yar asalin Pakistan mai suna Kamala Khan, aka sake buga fitowar farko sau da yawa saboda nema, domin ya jawo masu karatun da a da ba sa shiga shagon littattafan zane. Ƙasar da take da tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau ba ta da uzurin rasa jaruma. Jarumin nan yana da ƙanwa da aka ambata sau ɗaya a shafi na uku. Su ba ta aiki na gaske a labarin, da hankali da ra'ayi da suturar da uwa za ta gani ta yarda.

Ƙari ɗaya a kan abin da ya faranta miki rai: tun da yara suna koyon karatu daga littafin, wajibi ne a gyara rubutunsa. A wurare da dama an rubuta ƙ da ɗ da ɓ ba lanƙwasa, har wani ɗan daba ya ce zai "kara" alhali "ƙara" ake nufi. Malamar makaranta irinki ba za ta kai wa aji littafin da zai rushe abin da ta koyar ba.

TAMBAYA: Malam, an riga an ɗauki hoton littafin shafi-shafi ana turawa a WhatsApp. Ni a nan na karanta. Me zai sa in saya? Daga wani matashi a Fagge.

AMSA: Ƙanena, abin da zai sa ka saya shi ne kana son ka ga na biyu, kuma da kuɗin na ɗaya ake buga shi. Wanda ya ɗauki hoton ya ci haƙƙin mutanen da suka kwana suna zane, kai ma da ka karanta ka ji daɗi akwai abin da ya hau kanka. Ko ka sayi kwafi, ko ka tura musu kuɗinsa ta asusun da suka sa a bangon baya.

Su kuma masu littafin, kada su ɓata ƙarfinsu wajen yaƙi da waya, domin ba za su ci nasara ba. Kamfanin Comic Republic na Legas, wanda Jide Martin ya kafa a 2013, kyauta yake sakin littattafan jarumansa a intanet, yana samun kuɗinsa ta wajen yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi aikin zane da kuma ba da lasisin jarumansa. Marubutan hikaya na Hausa ma sun riga sun gano tasu dabarar: su saki shafukan farko kyauta, wanda labarin ya kama ya biya a sa shi a rukunin da ake tura ci gaba. Tun da fitowa ta ɗaya ta riga ta bazu, su saki tsaftataccen kwafinta da kansu, su sa ranar fitowar ta biyu da sunayen shagunan da za a same ta a shafin ƙarshe, su kuma buɗe rajistar masu biya tun kafin bugu. Yawan waɗanda suka biya a wannan rajista shi ne zai gaya musu kwafi nawa za su kai maɗaba'a, shi ne kuma adadin da za su nuna wa Alhaji na Sabon Gari idan sun koma wurinsa.